Yadda ake gane dalilin tsagewar silin da yadda ake gyara shi

Yawancin masu gida idan suka ɗaga kai suka ga silin ya tsage, abin da ke fara faɗo musu a rai shi ne a kira mai fenti. Ya zo ya cusa ɗan POP, ya bi da fenti, ɗaki ya yi fes. Damina ɗaya za a yi tsagar ta dawo daidai inda take, wani sa'in ma ta ƙara tsawo. Kuɗi sun tafi, kuma abin da ya fi muni, an rufe alamar da ginin ke nuna wa mai shi. Silin ba ya tsagewa haka kawai. Akwai abin da ya jiƙe, ko ya motsa, ko ya yi masa nauyi, kuma kusan kullum abin nan yana can sama inda ido ba ya kaiwa. Don haka aikin yana da tsari: a fara da tsare rai, a nemo dalili, a kashe dalilin, sannan a zo kan toshe tsaga. Wanda ya faro daga ƙarshe, gyaran gangar Auzinawa zai yi.

Mataki na 1: Ka duba ko ɗakin zai kwanu

Kafin ka nemo tsani, tsaya a bakin ƙofa ka ƙare wa silin kallo. Akwai alamomin da idan ka ga ko da ɗaya daga cikinsu, sai a kwashe yara da kaya a rufe ɗakin tun a ranar.

Na farko, silin ya yi ciki, wato tsakiyarsa ta lotso ƙasa. Na biyu, tsagar ta ratsa silin ta gangaro jikin bango ba tare da ta yanke ba. Na uku, gefe ɗaya na tsagar ya fi ɗayan saukowa, har in ka shafa da yatsa za ka ji tudu. Sai kuma zubar yashi ko ɓarɓashin siminti a kan gado da ledar ɗaki, da ƙara irin ta ƙas-ƙas da dare, da ƙofa ko taga da ta fara cijewa alhali da lafiya lau take rufuwa. Idan rufin dekin ne kuma ka ga tsaga a karkace kusa da inda bim, wato doguwar gadar kankare da ke ɗauke da dekin, ya hau kan ginshiƙi, wannan ta fi duk sauran hatsari, domin irin wannan wuri ba ya yin dogon gargaɗi kafin ya karye.

Waɗannan ba aikin mai fenti ba ne, ba kuma na birkila shi kaɗai ba. Injiniyan gini ake nema, mai rajista da COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniyoyi, idan a Najeriya ne. Na san mutane na jin nauyin kuɗin kiran injiniya, amma a nan babu makawa sai an kira shi. Idan gidan haya kake, ɗauki hoto ka aika wa mai gida a rubuce, ka ajiye saƙon.

Akwai abu guda da za ka iya yi nan take. Idan silin POP ne ko na allo, ya kumbura saboda ruwa ya taru a kansa, kashe wutar gidan gaba ɗaya, ka ajiye bokiti a ƙasa, ka huda ƙaramin rami da ƙusa a inda kumburin ya fi saukowa, kana tsaye daga gefe. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Gara ka rage masa nauyin da hannunka da ya rufto da shi gaba ɗaya.

Mataki na 2: Ka san irin silin da ke kanka

A gidajenmu iri huɗu ko biyar aka fi samu, kuma kowanne da yadda yake tsagewa. Akwai POP, wanda ake zubawa allo-allo da zaren nan da masu sana'ar ke kira filas, a rataye shi a jikin katakon rufi. Akwai allon da kowa ke kira asbestos, mai ƙafa 4 tsawo ƙafa 4 faɗi, da ake bugawa a kan katako tu-bai-tu. Akwai PVC na roba. Waɗannan uku ratayayyu ne, ba su ɗauke da komai sai kansu, don haka tsagarsu ta fi nuna matsalar kwano ko katako. Sai dekin, wanda kankare ne da rodi aka yi wa filasta ta ƙasa. Shi kam yana ɗauke da nauyin gini. Sai rufin soro na azara da ƙasa.

A lura da abu ɗaya: gidajen bene da yawa an yi musu POP a ƙarƙashin dekin don ado. A irin wannan gida tsagar POP na iya zama tana ɓoye wata a jikin kankaren. Sai an cire fitila ɗaya an haska tocila ta ramin kafin a yanke hukunci.

Mataki na 3: Ka karanta tsagar

Yanzu hau tsani, wani ya riƙe maka. Ka tafi da fensir, da rula, da tocila, da tsohon katin ATM. Kaurin katin bai kai milimita 1 ba. Idan bakinsa bai shiga tsagar ba, siririya ce, galibi ta fenti ce ko ta saman filasta. Idan kati huɗu a haɗe suka shiga, ta kai milimita 3, kuma daga nan ba a yi mata kallon wasa. A jikin kankaren dekin ma'aunin ya fi tsanani: injiniyoyi ba sa son tsaga ta wuce milimita 0.3, saboda daga nan danshi ke samun hanyar kaiwa ga rodi.

Bayan faɗi sai siffa. Tsagogi ƙanana masu yawa da suka sarƙe da juna a fili ɗaya, alama ce ta filasta da ta bushe da gaggawa, ko an cika mata siminti, ko fenti da aka yi ta jibgawa a kan tsoho. An fi ganin haka a aikin da aka yi da hunturu ko tsakiyar bazara ba a ba shi ruwa ba. Muninta ya fi hatsarinta.

Tsaga miƙaƙƙiya sak, musamman idan ta yi kwana ta fitar da siffar murabba'i, tana bin mahaɗar allo biyu ne. Ko dai ba a ɗaure mahaɗar da isasshen filas ba, ko katakon da ke sama ya motsa. Ɗanyen katako shi ne babban mai laifi a nan. Kafinta ya buga shi da danshinsa, zafin Maris da Afrilu ya busar da shi a ƙarƙashin kwano, ya murɗe ya ja silin. Haka kuma tsagar da ke bin kusurwar da silin ya haɗu da bango, wadda ke buɗewa da rani ta rufe da damina, yawanci numfashin katako ne.

Tsagar da ke da tabo ruwan ƙasa-ƙasa a kewayenta, mai zobe-zobe, ta ruwa ce. Tsagar da ta faro daga gindin fanka ta bazu, nauyi da jijjigar fankar ne. A dekin kuma, tsaga doguwa miƙaƙƙiya da ke fitar da jan tabo tana bin layin rodi ne da ya yi tsatsa.

Daga nan sai ka ƙwanƙwasa. Ɗauki ƙotar sukudireba ka bi gefen tsagar kana bugawa a hankali. Inda filasta ke manne da kankare za ka ji ƙara mai tauri, gajeriya. Inda ta rabu za ka ji ta yi fanko, kuma wani lokaci yatsanka zai ji ta ɗan motsa. Zagaye duk inda ya yi fanko da fensir. Sau da yawa tsagar ba ta fi taƙi ɗaya ba, amma wurin da ya saki ya kai faɗin tabarmar salla.

Idan kana shakkar lotsawa, ɗaure zare daga bango zuwa bango, a miƙe tsam, da tazara iri ɗaya daga silin a gefe biyun, ka auna tazarar a tsakiya. Ƙa'idar da ake amfani da ita ita ce kada lotsawa ta wuce kashi 1 cikin 250 na faɗin ɗakin. A ɗaki mai mita 4, milimita 16 ke nan. Filasta marar daidaito na iya ruɗa ka, don haka ka auna a wuri biyu ko uku.

Mataki na 4: Ka sa mata ido

Idan babu alamar hatsari, kada ka yi gaggawar gyara. Ja layi da fensir a ƙarshen tsagar ta kowane gefe, ka rubuta kwanan wata. Sannan ka kwaɓa ɗan POP ka shafa shi siriri a gicciye a kan tsagar, faɗin yatsu biyu, a wuri biyu ko uku. Duk mako ka duba. Idan tsagar ta wuce layin fensir, ko shafen ya dare, to abin da ya haifar da ita yana nan yana aiki. Idan an yi wata biyu zuwa uku babu canji, musamman idan an ratsa sauyin yanayi a ciki, ta tsaya, ana iya toshe ta.

Wannan haƙuri ya fi muhimmanci ga masu gini a kan baƙar laka mai kumbura da damina ta tsattsage da rani, irin ta yankin Dikwa da Ngala da Marte a Borno, da wasu sassan Adamawa da Gombe. A can ginin gaba ɗaya ne ke hawa da sauka, kuma tsagar silin kan zo tare da ta bango. Maganinta yana ƙasa, wajen harsashi da hanyar da ruwa ke bi a gindin gida.

Mataki na 5: Ka hau sama

Wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma a nan amsar take. Kashe babban makunnin wuta, ka tabbatar janareta da inbata da sola duk an raba su da layin gidan. Kada ka dogara da cewa an ɗauke wuta, ana iya dawo da ita kana ciki. Shiga da sassafe kafin kwano ya ɗau zafi. Sa takunkumi saboda ƙura da kashin jemage, ka haska kowane lungu kafin ka kai hannu, don rina da kunama na son wurin. Taka manyan katakai kawai, ko ka gitta falanki a kansu. Allon silin ba ya ɗaukar mutum ko na daƙiƙa ɗaya.

Idan ka samu wurin tsayawa, kashe tocilar ka jira idonka ya saba da duhu. Za ka ga ɗigo-ɗigon haske a jikin kwanon, wasu da siririn zaren rana mai ƙura yana saukowa daga cikinsu. Kowane ɗaya ramin ƙusa ne da ya buɗe ko tsatsa da ta huda. Ka lura cewa ruwa ba ya ɗiga a daidai inda ya shigo. Yakan bi jikin katako ya yi tafiyar mita ɗaya ko biyu kafin ya sauka, don haka bi sawun baƙin tabon da ke jikin katakon zuwa sama har inda ya fara.

Wuraren da suka fi yoyo sanannu ne: tsinin rufi inda kwano biyu suka haɗu, kwarin da ruwan ɓangare biyu ke taruwa, da inda kwano ya shiga jikin bango. Gidajen yayi na yanzu masu ɓoyayyen rufi, waɗanda aka zagaye kwanonsu da katanga, sun fi kowa shan wannan wahala. Leda ɗaya da ganyen darbejiya sun isa su toshe magudanar, ruwan Agusta ya taru ya koma cikin silin.

Duba katako da bakin sukudireba. Idan ya nutse cikin sauƙi, ko ka ga hanyar ƙasa a manne da jikinsa, gara ta shiga. Ita daga ƙasa take tasowa, don haka nemo hanyarta a jikin bango har gindinsa. Katakon da ta cinye cire shi ake yi a sa busasshe, a shafe shi da maganin katako irin su Solignum kafin a buga. Mutane da yawa na shafa baƙin mai. Ban ba da shawararsa a kan POP ba, domin da zafi yana tsattsafowa ya ɓata silin da tabon da fenti ba ya rufewa.

Duba kuma abin da aka ɗora. Bututun ruwa da ke tsiyaya, bututun na'urar sanyaya ɗaki da ke zufa, ko fanka da aka rataya a jikin tu-bai-tu maimakon babban katako. A gidan bene, leƙa abin da ke saman ɗakin. Banɗaki ne? Tankin ruwa ne? Tanki mai lita 1,000 tan guda ne cur. Dekin gidan zama ana lissafa shi ne a kan kimanin kilo 150 zuwa 200 a kowace murabba'in mita, amma sai ka tarar an mai da ɗakin sama sito, an jera buhun masara mai kilo 100 biyar-biyar a tsaye. Tambayi kanka kuma ko an taɓa rushe wani bango a ƙasa don faɗaɗa falo.

Duk abin da ka samu, shi za a fara gyarawa. A canza kwanon da ya huje, a sa ƙusa mai roba, a yashe magudana, a sauke kaya. Sannan a bar silin ya bushe sarai. Afrilu da farkon Mayu ne lokacin gyaran rufi, kafin ruwa ya sauka. Aikin cikin ɗaki kuma ya fi kyau bayan damina ta ɗauke.

Mataki na 6: Gyaran POP

Shimfiɗa leda a ƙasa, ka sa tabarau. Fara daga sama: inda allon ya saki, a tokare shi ta ƙasa da falanki da sanda har ya koma daidai da na kusa da shi, sannan a tsoma filas a cikin kwaɓaɓɓen POP a ɗaure shi daga bayan allon zuwa katako. A bi bayan tsagar ma a shimfiɗa mata filas ɗin. A bar tokarar har washegari. Wannan ɗaurin na baya shi ke riƙe gyaran. Abin da za a yi ta ƙasa rufe fuska ne.

Ta ƙasa kuma, ɗauki wuƙar yanka kwali ka faɗaɗa tsagar, bakinta ya fi cikinta faɗi, kamar milimita 3 zuwa 5. Mutane na jin tsoron wannan, suna ganin ƙara ɓarna ne, amma siririyar tsaga ba ta karɓar komai. Abin da ka shafa a kanta zai zauna ne a sama ya ɓare. Kankare fentin gefe da gefe, ka share ƙurar da burushi, ka ɗan jiƙa wurin da soso don kada tsohon POP ya tsotse ruwan sabon.

Kwaɓa kaɗan-kaɗan. Ruwa ake fara zubawa a roba mai tsabta, sannan a barbaɗa garin a kai har ya sha, a juya. POP na fara kamawa cikin mintuna 10 zuwa 20, kuma idan ya fara tauri kada a ƙara masa ruwa, zubarwa ake yi. A wanke robar kafin sabon kwaɓi, domin ragowar tsohon na sa sabon ya daskare da wuri.

Danna shi cikin tsagar da cokalin shafe har ta cika. Manna tef ɗin raga na gyaran silin a kan tsawonta, ka bi da shafe siriri. Idan ya bushe a ƙara na biyu wanda ya fi shi faɗi, kamar santimita 15 zuwa 20 kowane gefe, ana sirantar da bakinsa har ya ɓace cikin tsohon. Shafe biyu ko uku sirara sun fi ɗaya mai kauri. Bayan ya bushe a goge da samfefa mai laushi, a haska tocila a kwance a jikin silin. Duk tudu da kwari za su fito.

POP ɗin da ruwa ya jiƙa har ya yi laushi, ko yake marmashewa a hannu, ƙarfinsa ba ya dawowa. A yanke shi har inda ya yi tauri a sa sabon allo. Fanka kuwa a nema mata ƙugiya a jikin babban katako ko kankare.

Allon asbestos da PVC

A nan ina roƙon a yi hattara ƙwarai. Tsofaffin allunan nan da yawa suna ɗauke da zaren asbestos na gaske, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa kowane nau'insa na jawo sankarar huhu da ta fatar da ke lulluɓe da huhu. Cutar kan ɗauki shekaru 20 zuwa 40 kafin ta bayyana, shi ya sa ba a danganta ta da aikin. Sababbin alluna da yawa ba su da shi, amma ido ba ya bambancewa, don haka a ɗauki kowane tsohon allo a matsayin mai shi.

Allon da ke zaune lafiya da fentinsa ba ya cutarwa. Ƙurarsa ce matsalar. Kada a goge shi da samfefa, kada a yanka shi da zarto ko injin yanka, kada a fasa shi da guduma. Siririyar tsaga a rufe ta da fenti mai kauri. Wanda ya karye, a fitar da mutane daga ɗakin, a kashe fanka, a fesa masa ruwa ya jiƙe, a cire katakon da ya danne bakinsa, a zare ƙusoshi a sauke shi ɗungurungum. A naɗe shi a leda biyu, a goge ɗakin da jiƙaƙƙen tsumma maimakon tsintsiya. Kada a bar yara su yi wasa da gutsattsarinsa, kada kuma a cike ramin tsakar gida da shi.

PVC ba ya tsagewa sosai, sai dai ya lanƙwashe da zafi ko ya zame daga mahaɗarsa. Ana zare wanda ya lalace a sa wani, a ƙara katako idan tazarar ta yi yawa. Illarsa ita ce yana ɓoye yoyo, katako na ruɓewa a bayansa ba a sani ba.

Gyaran dekin

Idan filasta ce kawai ta saki kuma kankaren lafiya yake, aikin da sauƙi. A sassaƙe duk inda ka zagaye da fensir, a farfasa fuskar kankaren da kurfi don ta yi kaushi, a wanke, a watsa mata ruwan siminti mai kauri, sannan a yi sabuwar filasta, siminti 1 yashi 3 ko 4, kaurinta kada ya wuce santimita 1 zuwa 1.5.

Idan rodi ne ya yi tsatsa, magana ta canza. Ƙarfe idan ya yi tsatsa kumbura yake yi ya ninka girmansa, ya turo kankaren da ke rufe da shi har ya fashe. Abin da ke jawo haka biyu ne: ruwa da ke kwana a saman dekin, da kuma rodin da aka shimfiɗa dab da katako ranar zubi ba a ɗaga shi ba. Ya kamata a samu kankare milimita 20 zuwa 25 a ƙarƙashin rodi. A gidaje da yawa za ka ga inuwar rodin ta cikin filasta.

A tokare dekin da sanduna masu ƙarfi kafin a taɓa shi. A sassaƙe kankaren da ya saki, a bi rodin gaba da baya har inda ya fito fes babu tsatsa, a kuma buɗe bayansa yadda yatsa zai zagaya. A goge shi da burushin ƙarfe har ya yi haske. Yanzu kwatanta kaurinsa da na inda bai ci ba. Idan ya sirance a fili, ko wani ya tsinke, ko rodi da yawa a jere sun kamu, a dakata a nan a kira injiniya, domin sai an ƙara ƙarfe ko an sa bim. Idan tsatsar ta sama ce kawai, a shafa masa maganin tsatsa ko ruwan siminti da aka haɗa da gam ɗin kankare, a jiƙa ramin, a cike shi da siminti 1 yashi mai kaifi 3, hawa-hawa, ana dannawa sosai ta bayan rodin.

Sai ba da ruwa. A riƙa fesa wa gyaran ruwa safe da yamma na aƙalla kwana 7, da hunturu ma a ƙara, domin busasshiyar iska na zuƙe shi kafin siminti ya kama. Kankare na kai ƙarfin da aka lissafa masa ne a kwana 28. Fenti ya jira har lokacin. Idan birkila ya ce maka, "Alhaji, gobe ma za a iya fenti," ka ce masa, "Malam, a bar shi ya sha ruwansa tukuna."

Duk wannan aikin banza ne idan ba a gyara saman ba. Bayan an yi ruwa, hau ka ga inda ya kwanta. A yi wa wurin daɓe mai gangara zuwa magudana, a buɗe bututun da suka toshe, a shimfiɗa kwaltar nan ta naɗi da ake mannawa da wuta, a ɗaga bakinta ya hau jikin katanga. Idan banɗakin sama ne, sai an ɗaga tayil an nemo bututun.

Rufin soro

A tsofaffin unguwannin Kano da Zariya da Katsina da Damagaram har yanzu mutane na kwana a ƙarƙashin azara, kuma rufi ne mai sanyi da ya cancanci a kula da shi. Azarar giginya gara ba ta cinta da sauƙi, amma danshi na ruɓar da kanta inda ta shiga bango. Nan za a fara sokawa da wuƙa. Tsagar yaɓen da ke tsakanin azara ba komai ba ce, ana cike ta da irin ƙasar da aka yi ginin da ita. Amma idan azara ta lanƙwasa, ko ta dare, ko ƙasa na zubowa, a tokare ta, a daina kwana a ɗakin, a kira maginin gargajiya ya canza ta.

Kuskure biyu ne ke kayar da soro. Na farko, ƙara sabuwar ƙasa a kan tsohuwa kowace shekara ba a kankare ba, har nauyin ya fi ƙarfin azarar, ga shi ƙasa idan ta sha ruwa nauyinta ƙaruwa yake yi. Na biyu, shafe shi da siminti. Siminti da ƙasa ba sa motsi tare. Simintin ya tsage, ruwa ya shiga ƙarƙashinsa ya rasa hanyar fita. Magabata da makuba suke yaɓe, wato jiƙon ɓawon ɗorawa, ko da laso da ake haɗawa da katsi, wato abin da ke kwantawa a gindin rijiyar marina, da gashin jima da dafara. Kafin ruwan farko a yashe indararo, a cire ciyawar da ta tsiro, a toshe ramukan ɓera da tururuwa. A cikin marka kuma, idan an kwana biyu ana ruwa ba ƙaƙƙautawa, a riƙa duba rufin kafin a kwanta.

Mataki na ƙarshe: Tabo da fenti

Tabon ruwa yana ratso fentin ruwa ko sau nawa aka shafa. A fara rufe shi da fentin share fage mai mai, ya bushe, sannan a bi da na ruwa. Inda ya yi baƙin fumfuna, a wanke da bilic kashi 1 cikin ruwa kashi 10, taga a buɗe, kuma kada a haɗa bilic da wani sinadarin wanki. Sabon POP da sabuwar filasta suna shan fenti fiye da tsoho, don haka a fara yi musu shafe ɗaya mai ruwa-ruwa. Fenta silin ɗin gaba ɗaya daga bango zuwa bango, in ba haka ba facin zai fito.

Kafin fenti ya rufe alamun fensir, ɗauki hoton wurin tare da wani abu da ba ya gusawa, kamar fitila ko kusurwa, don ka san daidai inda tsagar take. Ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi na farko, a kashe wuta a leƙa cikin rufin da tocila tun ana cikin ruwan, a bi katakan da suka yi tabo a da, a taɓa su a ji ko a bushe suke.